Yadda ake haɗa shimfiɗar takalmi mai maganaɗisu da za ta jure zufa da tafiya

Shimfiɗar farko mai maganaɗisu da na haɗa ba ta yi wata biyu ba aka dawo mini da ita. Wani dattijo ne, maigadi, mai kwana a tsaye yana zagaya shaguna. Ya zo yana kukan ciwon dunduniya, ya ce ya sayi irin wadda ake shigowa da ita a leda, amma kwana goma ta lotse. Na ce masa, "Baba, kawo ƙafarka, zan yi maka ta fata." Na yanka, na liƙa, na binne masa maganaɗisu uku, ɗaya a tsakiyar dunduniya kamar yadda na gani a hoton jikin ledar. Ranar da ya dawo bai ce uffan ba, ya dai zaro shimfiɗar ya ajiye a kan benci. Ga baƙin tabo uku a kan fatar, kamar an ɗiga kuloko. Da na sa wuƙa na farke, na dunduniyar ya dare gida huɗu, sauran biyun kuma sun ci tsatsa, suna marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. A dunduniyarsa kuwa wata sabuwar kanta ta fito, daidai faɗin maganaɗisun.

Kurakurai uku na yi a aiki ɗaya: na sa abu mai tauri a inda nauyin jiki yake sauka, ban rufe shi daga zufa ba, kuma na ɗauka maganaɗisun ne zai yi aikin da shimfiɗar ya kamata ta yi. Da kuskure na ukun zan fara, don shi ne ke lalata tunanin mai sana'a tun kafin ya ɗauki wuƙa.

Abin da maganaɗisu yake yi, da abin da ba ya yi

Masu talla suna cewa yana jan jini zuwa ƙafa saboda akwai ƙarfe a cikin jini. Ƙarfen da ke cikin jini ba irin na ƙusa ba ne, maganaɗisu ba ya jan sa. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 zuwa 3, wato gaus 15,000 zuwa 30,000 (tesla da gaus ma'aunan ƙarfin maganaɗisu ne), mutum ya kwanta a cikinta ya fito, jininsa bai taru a wuri ɗaya ba. Wanda za ka sa a takalmi bai kama ƙafar wannan ba.

An kuma gwada. A 2003 likitocin asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Mark Winemiller, sun raba wa mutum 101 masu ciwon dunduniya shimfiɗu iri ɗaya, wasu da maganaɗisu na gaske, wasu da ƙarfen da ba ya jan komai, ba tare da kowa ya san wacce ya samu ba. Bayan mako 8 ɓangarorin biyu sun ji sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. A wannan shekarar dai, wani binciken da Michael Weintraub ya jagoranta a kan masu ciwon suga 375 da jijiyoyin ƙafarsu suka taɓu ya ba da rahoton ɗan raguwar zafi da mutuwar ƙafa bayan wata uku zuwa huɗu, da shimfiɗa mai gaus 450. Wannan shi ne wanda 'yan talla suke riƙewa. Amma a 2007, da Max Pittler da Edzard Ernst da abokiyar aikinsu suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka auna su tare, sun kammala cewa hujjojin ba su goyi bayan amfani da maganaɗisu don rage ciwo ba. Tun 1999 ma hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ɗauki mataki a kan wasu kamfanonin da ke cewa maganaɗisunsu yana warkar da cututtuka har da ciwon daji.

To me ya sa za ka haɗa? Don ana nema, kuma in ba ka yi mai kyau ba za a sayi marar kyau. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne: laushi da tallafin da shimfiɗa ke ba ƙafa su ne aikin, maganaɗisu baƙo ne a gidan. Ka ba shi masauki inda ba zai takura kowa ba, kada kuma ka ce wa mai saye magani kake sayar masa.

Mataki na farko: ƙafar mutum

Ka auna da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da zirga-zirgar yini, kuma mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafafu biyu. Ya taka farin kwali, ka zagaye da fensir a miƙe, kada ka karkatar da shi ƙarƙashin ƙafar. Kowace ƙafa da nata zanen, don da wuya ka sami biyun daidai wa daida.

Kafin ya ɗaga, ka yi alama a wurare uku: gaɓar gindin babban yatsa, gaɓar gindin ƙaramin yatsa, da inda kwarmin tafin ƙafa ya fi zurfi. Layin da ya haɗa alamomi biyun farko shi ne inda takalmi ke lanƙwasawa a kowane taku. Ka ja shi da jan biro. Za mu dawo kansa.

Sai hoton taku. Ya shafa ɗan mai a tafin ƙafa, ko ya jiƙa ta da ruwa, ya taka takardar buhun siminti ko wata mai shan ruwa. Inda ya fi duhu nan nauyi ke sauka: dunduniya, tudun da ke bayan yatsu, da ƙarƙashin babban yatsa. Mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa za ka ga tafin ya fito gaba ɗaya, mai zurfin kwarmi kuwa sai ka ga gaba da baya kamar an raba su. Idan akwai kanta ko wurin da yake cewa nan ne ke yi masa ciwo, ɗiga jambaki a wurin, ya taka kwalin, tabon ya nuna maka daidai inda za ka rage matsi. Wannan dabarar ta fi tambaya, domin mutum zai nuna maka da yatsa ya kuskure da santimita biyu.

Ka karɓi takalmin da za a sa shimfiɗar a ciki. Idan tasa ta asali tana cirewa, cire ta ka yi amfani da ita wajen fitar da siffar gefe. Idan takalmin ya riga ya matse shi, gaya masa gaskiya tun yanzu cewa babu wurin ƙari.

Mataki na biyu: hawa uku

Shimfiɗa mai ƙarko hawa uku ce, kowanne da aikinsa.

Na ƙasa shi ne ƙashin bayanta, kuma a cikinsa maganaɗisu zai zauna. Robar EVA ce ta fi dacewa, irin wadda ake yin tafin silifa da takalmin gudu da ita. Ana auna taurinta da ma'aunin Shore A: mafi yawan lamba, mafi tauri. Ga hawan ƙasa ka nemi 45 zuwa 55, kauri milimita 4. A kasuwa ba kowane mai shago ne zai san lambar ba, don haka ka danna da babban yatsa da ƙarfinka. Idan ta lotsa kaɗan ta dawo nan take, ta yi. Idan yatsan ya nutse ya bar gurbi, ta yi taushi da yawa.

Na tsakiya shi ne laushin, milimita 3, taurinsa 20 zuwa 30. Idan ka sami soson Poron, wanda kamfanin Rogers na Amurka ke yi, ya fi EVA mai taushi daɗewa bai lotse ba, sai dai yana da tsada kuma yana riƙe danshi. Akwai kuma robar MCR mai ƙananan ramuka, taurinta wajen 15, wadda aka daɗe ana yi wa masu kuturta takalma da ita tun aikin da likita Paul Brand da abokansa suka yi a kudancin Indiya. Shi ne ya nuna cewa gyambon ƙafar kuturu yana zuwa ne daga matsin da ake ta maimaitawa a kan fatar da ba ta jin zafi. Duk mai yin shimfiɗa ya kamata ya riƙe wannan darasi.

Na sama shi ne wanda fata ke taɓawa. A nan mu ba mu da abin nema a waje. Fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, irin ta jar akuyar Sakkwato, kauri wajen milimita 1, tana shan zufa ta sake shi, tana kuma ɗaukar siffar ƙafa. A Kano za ka same ta wajen majema ko a Ƙofar Wambai. Ka zaɓi wadda ba a rina ba. Dalili biyu ne: rini yana zuba a safa, sannan farar fatar bagaruwa tana tona asiri. Sinadarin bagaruwa idan ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙi yake yi, abin da dukawa suka sani tun kaka da kakanni wajen haɗa kuloko. Saboda haka ranar da maganaɗisu ya fara tsatsa a ciki, fatar za ta sanar da kai da baƙin ɗigo, kamar yadda ta Baba maigadi ta yi.

Jimillar kauri a gaban ƙafa kada ta wuce milimita 5 ko 6 a rufaffen takalmi, in ba haka ba yatsu za su riƙa gugar sama. Don haka za ka gurje hawan ƙasa ya siranta tun daga jan layin nan zuwa gaba.

Mataki na uku: zaɓen maganaɗisu

Iri uku ne za ka ci karo da su, kuma a nan ne ake yawan asarar kuɗi.

Akwai na niyodimiyam, mai ƙyallin azurfa, wanda ake samu a cikin lalataccen faifan ajiya na kwamfuta da abin sauraro na kunne. An ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1980, Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da kuma masu bincike a General Motors na Amurka, kowa a nasa ɓangaren. Shi ne mafi ƙarfi, ana rubuta darajarsa daga N35 zuwa N52. Aibinsa uku ne. Mafi yawan jikinsa ƙarfe ne, don haka yana tsatsa da sauri da zarar siririn rufin nikel ɗinsa ya ƙwarzane. Yana da gautsi kamar tangaram. Kuma zafin da ya wuce digiri 80 yana rage masa ƙarfi har abada, sirara ma suna fara raunana kafin a kai nan.

Akwai na ferayit, baƙi-baƙin nan da ke bayan lasifika, wanda yara ke ja a cikin yashi su ga baƙar ƙura ta manne. Ba ya tsatsa, ba ya tsoron zafin rana, yana da araha. Ƙarfinsa bai kai na farko ba, kuma shi ma yana fashewa.

Sai na roba mai lanƙwasa, irin wanda ke cikin bakin ƙofar firji. Garin ferayit ne aka kwaɓa da roba. Shi ne mafi rauni, ƙarfinsa yana ɓacewa a 'yan milimitoci, amma ba ya tsatsa, ba ya karyewa, kuma ana yanka shi da almakashi. Idan ƙarko kawai ake magana, babu kamarsa. Tun da ba a tabbatar cewa ƙarin gaus yana ƙara lafiya ba, ni shi nake ba mai yawan tafiya. Matsalar ita ce mai saye yana so ya ga allura ta manne a saman fata, kuma wannan sai niyodimiyam.

Idan shi za ka yi aiki da shi, ɗauki N35 mai siffar kwabo, faɗi milimita 10, kauri 2. Babu amfanin biyan kuɗin N52. A lissafi, irin wannan yana ba da wajen gaus 2,200 a kan fuskarsa. A tazarar milimita 3 ya faɗo zuwa wajen 1,100, a santimita 1 bai kai 200 ba, a santimita 2 saura wajen 30. Don kwatanci, na duniyar da muke takawa wajen rabin gaus ne. Wannan lissafin yana nuna maka abu biyu: lambar da aka rubuta a kwali ba ita ce ke isa fata ba, kuma maganar cewa maganaɗisun tafin ƙafa yana kaiwa gwiwa ko ƙugu zance ne kawai. Batun a juya fuskar arewa ko ta kudu ga fata ma haka, babu hujja a kansa. Ka dai jera su duk fuska ɗaya don aikinka ya zama iri ɗaya, ka ɗiga fenti a fuskar da za ta kalli sama.

Mataki na huɗu: rufe shi daga zufa

Wannan matakin shi ne rabin ƙarkon aikin. Zufa ruwan gishiri ce, kuma a wajenmu ba ita kaɗai ba ce: mutum yana alwala sau biyar a rana, ya zura ƙafa a jiƙe cikin takalmi ya wuce masallaci. Shimfiɗar da aka tsara don wanda ke sa busasshiyar safa da safe ya cire da dare ba za ta jure wannan ba.

Idan ka sami maganaɗisun da aka riga aka rufe da baƙin ifoksi (gam mai tauri) ko roba, saya. Idan mai nikel ne kawai, ka rufe da kanka. Shimfiɗa leda a kan faifan ƙarfe, ka jera su a kai da tazarar santimita 4 ko 5. Ƙarfen zai riƙe kowanne a wurinsa, ba za su yi tsalle su haɗu ba, domin wannan haɗuwar ce ke fasa su tun kafin a fara aiki, tana kuma mintsinar yatsa. Goge su da sifirit. Kwaɓa gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin bushewa, ka shafa siriri da tsinken ashana har gefuna. Bayan awa 24 ka juya su ka shafa ɗaya fuskar, sannan ka sake zagaye na biyu. Gefen nan mai kaifi shi ne inda rufi ke fara ɓarewa, can za ka fi kula. Kada ka yi amfani da sufa gulu, yana bushewa da gautsi ya tsattsage.

Rufin yana da wani amfanin: akwai masu ƙyan nikel, fatarsu tana ƙaiƙayi da ƙuraje idan zufa ta ɗauko shi.

Mataki na biyar: siffanta gindi, kafin maganaɗisu ya shiga

Yanke EVA ɗin ƙasa bisa zanenka, ka bar ɗan rara a gefe. Idan za ka gasa ta don ta ɗauki siffar ƙafa, yanzu ne lokacin, domin zafin da ke tausasa EVA ya haura digiri 100, ya wuce abin da niyodimiyam zai jure. Ka ɗumama ta har ta yi laushi, ka ɗora a kan soso mai kauri, ka rufe da tsumma, mutum ya sa safa mai kauri ya taka na minti biyu ko uku. Ka fara taɓawa da bayan hannunka kafin ƙafar wani ta hau.

A kwarmin ƙafa ka liƙa ƙarin EVA ta ƙasa, ka gurje da sanfefa ko inji har ya zama tudu mai gangarowa a hankali, babu gaɓa. Tsayinsa ya danganta da ƙafar, amma kuskuren sabon hannu shi ne cika kwarmin fam. Kwarmin ƙafa yana sauka kaɗan a kowane taku, ka bar masa wuri. A dunduniya ka yi ɗan kwano, gefuna su tashi su rungume ta, don kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙashin dunduniya ya taru wuri ɗaya maimakon ya baje. Mai ciwon dunduniya irin na takun farko da asuba, wanda yawanci daga jijiyar da ta miƙe daga dunduniya zuwa yatsu yake tasowa, wannan kwanon da tudun kwarmi su ne abin da zai ji daɗinsu.

Mataki na shida: inda za a binne shi

Ɗauko hoton takun nan na takardar siminti. Duk inda ya yi duhu haramun ne ga maganaɗisu: tsakiyar dunduniya, tudun bayan yatsu, ƙarƙashin babban yatsa, da duk inda jambaki ya yi tabo. Jan layin lanƙwasa ma haka, ka nisance shi da aƙalla santimita 2, don abin da ba ya lanƙwasa idan ya zauna a inda ake lanƙwasawa sau dubbai a rana, ko ya karye ko ya yaga robar da ke kewaye da shi.

Abin da ya rage shi ne kwarmin ƙafa da tsakiyar tafi, tsakanin gaban dunduniya da bayan tudun yatsu. Nan ne nauyi ya fi sauƙi, nan ne kuma robar ta fi kauri. Biyu ko uku sun isa a kowace ƙafa, da tazarar santimita 3 tsakaninsu.

Ga dalilin da ya sa kauri yake da muhimmanci. Roba tana lotsewa da amfani, maganaɗisu ba ya lotsewa. Wanda yau yake daidai da saman robar, bayan wata uku zai zama tsakuwa a cikin takalmi. Saboda haka ƙa'idata ita ce kaurin maganaɗisu da rufinsa kada ya wuce rabin kaurin robar mai tauri a wurin da zai zauna. Wanda ya zama milimita 2.5 bayan shafa gam yana buƙatar wurin da robar ta kai 5 ko fiye, kuma a tudun kwarmi za ka sami wannan.

Ka haƙa ramin ta ƙasa, ba ta sama ba, yadda za a sami EVA mai tauri tsakaninsa da ƙafa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka huda ƙarin robar kwarmin da ƙarfen huda mai faɗin milimita 11 ko 12 kafin ka liƙa ta a jikin gindin, sai ramin ya fito da rufinsa. Ɗiga gam a ciki, zura maganaɗisun, toshe da ɓallin robar da ka huda bayan ka rage masa kauri, ka gurje ya yi daidai da ƙasan. Daga nan ka liƙa siririn yadi mai ƙarfi ko tamfol a ƙasan gaba ɗaya, ko aƙalla daga dunduniya zuwa jan layi.

Na roba mai lanƙwasa bai buƙatar duk wannan. Ka yanka shi faɗin yatsa biyu, ka fiƙe gefunansa, ka ɗan gurje masa gurbi a saman gindin ƙarƙashin kwarmi, ka kwantar da shi.

Mataki na bakwai: liƙi da ɗinki

Gam ɗin shumeka irin Evo-Stik ya isa, in an bi shi yadda yake so. Gurje fuskokin biyu da sanfefa, kaɗe ƙurar, shafa siriri a kowanne, ka jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa. EVA tana shanye shafin farko, don haka ka ƙara na biyu. Gaggawar haɗawa gam yana ɗanye ita ce ke sa shimfiɗa ta buɗe baki a mako na biyu. Ka yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da wuta.

Mun saba ɗumama gam da buga guduma. A kusa da maganaɗisu ka bar duka biyun. Gudumar ƙarfe ma da kanta za ta karkata ta faɗa kansa. Ka murza da kwalba ko muciya, daga tsakiya zuwa gefe, ka ɗora nauyi, ka bar shi kwana ɗaya.

Fatar sama ka yanke ta da rara, ka liƙa ta tana bin kwanon dunduniya ba tare da ka ja ta da ƙarfi ba, sannan ka daidaita gefe. Zagaye da ɗinki milimita 4 ko 5 daga baki, da zaren nailan, don gam kaɗai ba ya riƙe gefen da ake gogawa kullum wajen sawa da cirewa. Idan kana so ka huda ƙananan ramukan shan iska, yi su a gaban ƙafa, kada ko ɗaya ya kusanci ramin maganaɗisu, in ba haka ba ka buɗe wa zufa ƙofa da hannunka.

Mataki na takwas: gwaji

Duk sabon tsarin da ka fito da shi, ka sadaukar da ƙafa ɗaya. Jiƙa ta a ruwan gishiri da dare, shanya a inuwa da rana, har mako guda. Lanƙwasa ta a jan layi sau ɗari biyu ko uku kana duba bakin liƙi. A ƙarshe farke ta ka duba maganaɗisun da idonka. Gara ka ga tsatsar a bencinka.

Wadda za ka ba mai ita kuwa, ka danna saman kowane maganaɗisu da babban yatsa iyakar ƙarfinka. Idan ka ji gefensa, ƙafa ma za ta ji. Sa shi ya taka ba safa, ya yi tafiya, ka tambaye shi ya nuna inda suke. Idan ya nuna daidai, aikin bai yi ba. Ranar farko ya sa ta awa biyu kawai, ya cire ya duba tafin ƙafarsa. Jan tabon da bai baje ba bayan kamar minti 20 alama ce ta matsi, ya dawo a gurje wurin.

Waɗanda ba za ka sa wa ba

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, da wanda kuturta ta taɓa, da mai gyambo ko rauni a tafi: kada ka binne musu komai mai tauri, ko da sun roƙa. Wanda ba ya jin zafi ba zai san maganaɗisu ya taso ba sai ya ga jini a safa. Su shimfiɗa mai laushi zalla ce tasu, kuma likita ya fara ganin ƙafar. Abin takaici, su ne 'yan talla suka fi bi.

Mai walda, maƙeri da bakanike ma ina hana su. Garin ƙarfe da guntun waya da suka faɗa cikin takalmi, maimakon su zube idan an kaɗe, sai su taru a kan maganaɗisun su tsaya. Na taɓa zare shimfiɗar wani yaron mai walda na ga wurin ya yi gashi-gashi kamar bushiya.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, shawarar da ake ba su ita ce maganaɗisu ya nisanci na'urar da aƙalla santimita 15. Ƙafa ta fi haka nisa, amma shimfiɗa ana cire ta, ana rungumar takalmi a ƙirji a ƙofar masallaci, don haka ya tambayi likitansa tukuna. Duk mai sawa kuma ya san cewa ba a shiga ɗakin MRI da ita, kuma na'urar binciken filin jirgi tana iya yin ƙara. Yara ƙanana ban yi musu ko kaɗan. Ƙananan maganaɗisu biyu idan yaro ya haɗiye su suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, abin sai tiyata.

Kula da ita, da lokacin canji

Ka gaya wa mai ita ya riƙa zare ta da dare ta sha iska a inuwa. Ban da shanyawa a kan janareta, kusa da murhu, ko barin ta a motar da aka kulle a rana: zafin yana sassauta gam, yana ƙanƙantar da EVA, yana raunana niyodimiyam. Goge fata da ɗanyen tsumma ya isa, ba a jiƙa ta a bokiti. Mai tsayuwar yini gara ya yi guda biyu yana musanyawa, don soso yana buƙatar hutu kafin ya dawo da kaurinsa.

Baba maigadi na sake masa wata kyauta, da kwanon dunduniya da maganaɗisu biyu a kwarmi. Na ce ya dawo bayan wata shida, kuma haka nake gaya wa kowa. Abin da nake dubawa uku ne: baƙin ɗigo a fata, hawan tsakiya ko ya lotse ya zama kamar takarda a dunduniya, da ko yatsana ya fara jin gefen maganaɗisun. Yawanci gindin yana nan lafiya, sai in ɓare fata da soson in sa sababbi. Idan gindin ne ya gaji, ina farke shi in ciro maganaɗisun, in duba rufinsu a hasken rana. Waɗanda ba su ƙwarzane ba suna komawa sabuwar shimfiɗa, waɗanda suka tsage kuma ina tara su a gwangwani mai murfi a saman kanta, inda hannun yaran shago ba ya kaiwa.